Yadda ake gano matsalar AHC a Lexus LX470 da Land Cruiser 100 kafin a ce a cire shi

Duk wanda ya riƙe Lexus LX470, ko Land Cruiser 100 mai maɓallin ɗagawa da saukewa, ya san safiyar nan da mutum zai fito ya tarar da motarsa ta gurfana kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Ka tayar, ka danna maɓalli, shiru, sai fitilar OFF ke ta ƙiftawa. Kana isa gareji kuma maganar farko da za ka ji ita ce, "Alhaji, a cire wannan abin kawai a sa shoka na gama-gari, a huta." Ni ban ce cirewar haramun ba ce. Abin da nake cewa shi ne, yawancin motocin da aka cire wa wannan tsari ba a taɓa auna su ba kafin a yanke musu hukunci, alhali awon farko bai fi ƙarfin tef ɗin tela da ido ba.

Toyota ta ƙera waɗannan motoci daga 1998 zuwa 2007, ta kuma kira tsarin ɗaga motar da sauke ta da suna AHC, wato Active Height Control. Ka fara cire wani abu daga ranka: ba iska ke ɗaga wannan mota ba, kamar yadda take ɗaga Range Rover. Mai ne. Akwai tanki da famfo a cikin bonet, ɓangaren fasinja, can baya kusa da gilashi. Famfon yana tura mai ta bututu zuwa shoka huɗu, kowace shoka kuma tana da wata ƙwallon ƙarfe a jikin shasi, wadda masu sana'a ke kira gulob. A cikin ƙwallon akwai fatar roba, gefe ɗaya mai, ɗaya gefen iskar naitirojin. Wannan iskar ce ke shanye gargada. Sai wata doguwar ma'ajiyar mai a shasi ta ɓangaren direba, da akwatin bawul a kusa da ita, da sensa uku masu gaya wa kwamfutar mota tsayinta: biyu a gaba, ɗaya a baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne tushen rabin matsalolin, shi ne nauyin motar raba shi aka yi. Toshin-ba na gaba, wato dogayen sandunan ƙarfe masu murɗewa su yi aikin sifirin, da sifirin na baya suna ɗaukar kaso mafi girma, mai yana ɗaukar ragowar. In ƙarafan suka gaji, kuma motar da ta haura shekara 18 dole sun gaji, sai nauyin ya koma kan mai. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka shiga ƙarƙashin wannan mota tana tsaye a kan mai kaɗai. Tana iya sauka da kanta, kuma nauyinta ya kai kusan tan biyu da rabi. In za ka sa jak, danna maɓallin OFF na AHC tukuna, sannan ka kafa mata ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi. Bulo ba abin dogaro ba ne. Man da ke cikin bututun gaba yana kan matsi na kusan 1,000 psi, wato ninkin iskar taya sau talatin, don haka ba a kwance bututu da garaje, ba a kuma tare tsiyaya da yatsa.

Mataki na 1: Tabbatar ba motar ce ke ƙin umarni da gangan ba

Akwai lokutan da babu abin da ya lalace, dokar da aka sa mata kawai take bi. Ba ta canza tsayi in akwai ƙofa a buɗe, har da ta but. Makunnin ƙofa ɗaya in ya lalace yana nuna a buɗe take, ya isa ya hana komai motsi, don haka duba fitilar ƙofa a dashbod. Ba ta motsi in ka daɗe da taka birki. In tana HI (tsayin sama) ka wuce gudun kilomita 30 a awa, da kanta za ta koma N (tsayin yau da kullum), in kuma tana LO (tsayin ƙasa) ka fara tafiya za ta tashi zuwa N. Wannan ba cuta ba ce.

Sai lodi. Lokacin Sallah za ka ga an cika but da buhunan shinkafa da jarkokin mai, an ɗora janareta, mutum takwas sun shiga, sannan a ce mota ta lalace don ta zauna a LO. Ba ta lalace ba, kare kanta take yi. Sauke kayan ka sake gwadawa. Amma in mutum huɗu da 'yan jakunkuna sun isa su zaunar da ita, to sifirin ɗinta sun gaji, ka tafi mataki na 5.

Duba batir da alfaneta, domin famfon yana jan wuta sosai. Duba fis uku masu suna AHC, AHC-B da AHC-IG, da rile ɗin famfo. Daidaita iskar tayoyi. Duk wannan bai kai minti goma ba.

Mataki na 2: Buɗe bonet ka kalli man

Ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, injin yana aiki, tsayi yana N. Man ya kamata ya tsaya tsakanin MIN da MAX. A N ake dubawa, domin a LO man yana komowa tanki ya yi kamar ya yi yawa, a HI kuma ya yi ƙasa kamar ya ƙare. Na sha ganin an ƙara mai a HI, da aka sauke mota ya yi ambaliya.

Sabon man AHC garai-garai yake, mai ɗan ja-ja, ba shi da kauri. In ya koma baƙi kamar baƙin man da ya sha tafiya, ya wuce lokacinsa. In ka ga kumfa, ko dai iska ta shiga, ko naitirojin daga wata ƙwallo da ta fashe ta gauraya da shi.

A nan zan tsaya in yi ƙorafi. Wani ɗan'uwana ya kai motarsa sabis a wani gareji, yaron shago ya ga tanki mai kama da na birki, ya cika shi da man birki, da kyakkyawar niyya. Ba a yi wata biyu ba motar ta fara tsalle, robobin ciki duk sun kumbura, sai da aka canza ƙwallaye huɗu aka wanke bututu sau uku. Wannan tanki mai ɗaya yake sha, wanda aka rubuta Toyota Suspension Fluid AHC a jikinsa, gwangwanin lita 2.5 mai lamba 08886-01805. Ba man giya, ba man sitiyari, ba man birki. In za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, duba murfin a rufe yake da hatiminsa, kada ka karɓi wanda aka juye a gora. In za ka iya, rubuta gargaɗi a jikin tankin da alƙalamin fenti.

In man ya yi ƙasa, nemi inda ya tafi. Bi bututun da fitila daga famfo har baya. Motocin da suka zo ta Kwatano daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, bututunsu na cin tsatsa, musamman na baya da ke bi ta saman shasi. Ɗan danshi a jikin shoka ba dalilin canza ta ba ne, galibi alamar matsi ya yi yawa ce. In kuwa man yana raguwa amma ƙasa a bushe take, babu ɗigo ko ɗaya, to cikin ƙwallayen yake shiga yana cike gurbin iskar da ta tsere.

Mataki na 3: Gwajin layukan tanki

Wannan shi ne gwajin da na fi so, domin kyauta ne kuma ba ya ƙarya sosai. A jikin tankin akwai 'yan layuka a jere kamar na sirinji. Sauke motar zuwa LO, jira ta natsu, yi alama inda man ya tsaya. Ɗaga ta zuwa HI, jira har famfo ya yi shiru gaba ɗaya, domin yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci yana cika ma'ajiya. Sake yin alama. Ƙirga layukan da ke tsakani.

Sababbin ƙwallaye suna ba da layi 14 ko kusa da haka. Littafin gyaran Toyota ya sa iyaka a 7. In ka samu 10 ko 11, da sauran rai. In ka samu 8, fara tara kuɗi. In 7 ne ko ƙasa, sun mutu. Dalilin shi ne, ƙwallo mai lafiya tana da iskar da za a matse, don haka tana karɓar mai da yawa in mota ta tashi, ta mayar in ta sauka. Wadda iskarta ta tsere ba ta da wurin karɓa.

Jikinka ma zai gaya maka. Mota mai matattun ƙwallaye tana tsalle kamar ɗan akuya, ko ƙaramin tudun rage gudu ka hau sai ka ji a ƙashin bayanka, maɓallin laushi da tauri kuma ba ya canza komai. A wannan hali ne ake yawan cewa "shoka ta mutu", a sayi shoka huɗu da tsada, a ɗaura, tsallen yana nan. Shokar wannan mota sanda ce kawai mai tura mai, laushin yana cikin ƙwallo. In za ka canza, canza huɗun tare, kuma na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. Ƙwallon Beljiyam caca ce: shekarunta ɗaya da wadda ka cire.

Abu ɗaya dai: gwajin nan bai gaya maka wace ƙwallo ce ta mutu ba, jimilla yake bayarwa, kuma ya fi gaskiya in matsin motar yana daidai.

Mataki na 4: Tef da sensa

Cika tankin fetur, fitar da kaya, mota a N a kan daɓe mai shimfiɗa. Auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen fenda, duk huɗun, ka rubuta. A motar da ba a taɓa ba, gaba yana kusa da santimita 50, baya kusa da 52.

In gaba na dama da na hagu sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, kada ka taɓa sensa. In mota tana tsaye, man shokar dama da na hagu a haɗe suke, matsinsu ɗaya, don haka mai ba zai iya karkatar da ita ba, ba zai kuma iya miƙe ta ba. Karkata aikin toshin-ba ne. A ƙarshen kowanne, wajen tsakiyar mota, akwai babban kusa da ake juyawa da soket mai lamba 30. Ɗaure na ɓangaren da ya yi ƙasa, sassauta na ɗaya ɓangaren daidai da yadda ka ɗaure, rabin zagaye rabin zagaye, ka ɗan zaga da motar ka sake aunawa. Zuba wa kusoshin man sassauta tsatsa tun daren jiya.

In kuwa motar tana hawa da sauka da kanta a danja, ko gaba ya yi sama baya ya yi ƙasa, ko yau daidai gobe ba daidai ba, zargi sensa. Kowace sensa tana da ɗan hannu da ke haɗe da ƙafar mota. Duba ko hannun ya lanƙwashe, ko ya cije, ko ya fita. Ta baya ita ta fi shan wuya, tana saman aksil inda laka da ruwan damina ke dukanta. Cire soket ɗinta ka duba ko ya yi kore. Bi wayar ka ga ko ta goge a jikin ƙarfe, ko ɓera ya yi aikinsa.

Mai riwaya yana iya gwada ta a kan tebur. A haɗa batir uku na tocila su ba da bolt 4.5, a ba sensar, a sa mita a wayar da ke fitar da sigina, a juya hannun a hankali. Ya kamata allura ta tafi sumul daga kusan 0.45 zuwa kusan 4.05, tana 2.25 a tsakiya. In ta yi tsalle ko ta ɗauke a wani wuri, sensar ta cinye daga ciki. Wani lokaci buɗewa a goge yana sayen 'yan watanni, amma ni na fi son a canza, da ta asali.

Wata ɗabi'a da zan roƙa a bari: zame sensa don mota ta ƙara tsayi ta yi kwarjini. Tana tashi, gaskiya ne, amma duk ƙarin tsayin a kan mai yake, ba a kan ƙarfe ba. Matsi ya hau, laushi ya tafi, shoka ta fara zufa.

Mataki na 5: Karanta matsi da kwamfuta

Nan ne gaskiya take fitowa, kuma nan ne yawancin garejoji ke tsallakewa. Ƙaramar na'urar karanta kod da ake yawo da ita ta injin ce, ba ta ganin AHC. Ana buƙatar manhajar Toyota mai suna Techstream da wayarta, ko babbar na'urar da ke shiga sashen AHC. Tambayi mai kwamfutar kafin ka biya: "Za ka iya nuna min matsin gaba da na baya?" In ya yi shiru, ka san amsa.

Fara da kod. C1711 da C1712 sensa ne na gaba, dama da hagu, C1713 ta baya. C1751 na nufin famfo ya daɗe yana aiki mota ba ta kai inda ake so ba. C1762 na nufin famfo yana juyawa amma matsi bai hau ba, wanda sau da yawa iska ce a cikin famfo ko 'yan rariyoyinsa sun toshe da dattin tsohon mai, ba mutuwar famfon ba. Rubuta kod ɗin, share su, gwada motar, ka ga wanne ya dawo. Wanda ya dawo shi ne naka. Kuma kod ɗin sensa bai ce sensar ce lallai ba, yana iya zama wayarta.

Sannan sauke motar zuwa LO, ɗaga ta zuwa N, jira famfo ya tsaya, karanta lambobin. Tashin bai kamata ya wuce kimanin daƙiƙa 15 ba. Gaba ya kamata ya nuna matsin 6.9 MPa (ma'aunin matsi ne), da rangwamen 0.5 sama ko ƙasa. Baya tsakanin 5.6 da 6.7, in kuma motar mai tankin fetur biyu ce, 5.9 zuwa 7.0. Ma'ajiya tana kusa da 10.5. Sensa ukun kuma su nuna kusa da sifili a N. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici.

A motocinmu kusan kullum lambobin sama suke. Gaba 8 da wani abu, baya ya wuce 7. Ma'anarsa ƙarafa sun saki nauyi, mai yana ɗauke da abin da ba nasa ba. Wannan shi ke sa mota ta ƙi hawa HI, ta zauna da ɗan lodi, ta yi tauri ko da ƙwallayenta sababbi ne, ya kuma kashe sababbin ƙwallayen da wuri.

Gyaran gaba ba ya cin ko sisi. Koma kan kusoshin toshin-ba, ɗaure duka biyun daidai wa daida. Kowane cikakken zagaye a ɓangarorin biyu yana rage kimanin 0.2 MPa, don haka daga 7.9 zuwa 6.9 zagaye biyar ke nan. Ya fi sauƙi in an ɗaga gaban motar nauyi ya sauka daga kansu. Kada ka yi mamaki in tsayin bai canza ba bayan ka gama, ai sensa ce ke riƙe da tsayi, kai nauyi kawai ka mayar wa ƙarfe. Baya ba shi da kusa. Sai dai sababbin sifirin na AHC, ko a sa zoben ƙari na milimita 30 a saman tsofaffin in ba su gaji sosai ba. Kada a sa sifirin na Land Cruiser marar AHC, sun yi ƙarfi, matsi zai faɗi ƙasa da ƙima, mota ta koma kamar amalanke.

Mataki na 6: Canza mai da fitar da iska

Ana canza man duk shekara shida ko kimanin kilomita 100,000, da duk lokacin da aka kwance wani abu. Tanadi gwangwani biyu don kada ya yanke maka a tsakiya, da siririn tiyo mai gani-har-hanji, da gora, da sifana mai lamba 10.

Sauke mota zuwa LO, kashe injin, zuƙe tsohon man daga tanki da sirinji, cika da sabo. Tayar, ɗaga zuwa N, jira famfo ya yi shiru, kashe. Fara da ma'ajiya: sa tiyo a kan ɗan kusan fitar da iska, buɗe a hankali, bar shi ya zuba har ya tsaya, rufe. Sannan kusan da ke kusa da kowace ƙwallo, ɗaya bayan ɗaya. Kana buɗewa wannan ɓangaren motar zai sauka har ƙasa, don haka daga gefe ake miƙa hannu, kai da kafaɗa suna waje. Bayan kowane zagaye, duba tanki, ƙara mai, tayar da mota ta tashi, kashe, ci gaba. Ka daina in man da ke fita ya zama garau babu kumfa.

Kada tankin ya taɓa bushewa. In famfo ya zuƙi iska, zai yi ta kuka babu matsi, kwamfuta ta kashe shi ta ba ka C1762, ka shiga wani sabon aikin na share kod da sake gwadawa har ya kama. Kusoshin kuma ƙanana ne, ba sa son ƙarfi, in ɗaya ya karye a ciki ranarka ta ɓaci. In kumfa ta ƙi ƙarewa a ɓangare guda duk yawan man da ka zuba, ƙwallon wannan ɓangaren ta fashe.

In duk da haka ka zaɓi cirewa

Akwai motar da ya dace a cire mata: wadda tsatsa ta cinye bututunta gaba da baya, ko wadda kullum cikin daji take da lodi, nesa da inda za a samu man. Amma a yi shi cikakke. Shoka huɗu kaɗai ba su isa ba, sai an canza toshin-ba na gaba da sifirin na baya zuwa na motar da ba ta da AHC, domin na cikinta an yi su ne su ɗauki wani kaso kawai. Wanda ya bar su zai ga gaban motar ya sunkuya, a yi ta ɗaure kusa har ya ƙure. A saki matsin ma'ajiya kafin a kwance bututu, a cire fis ɗin famfo. Kayan da aka cire kuma ka sa a but ka tafi da su gida, famfo da akwatin bawul suna da masu nema.